Ƙafa ta Huɗu

Duk wanda ya sayi tsohuwar motar makaranta don ya mayar da ita gida, aikinsa na farko cire kujeru ne. Haka al'adar take, kuma ba a yin ta a ɓoye. Nama za ka ɗora a wuta, ka cika bokiti da ƙanƙara da lemo, ka kira duk wanda ya taɓa aron tsaninka bai dawo da shi ba. Mutum ɗaya ya kwanta ƙarƙashin mota ya riƙe noti da sifana, ɗaya a sama yana murɗawa, suna zagin juna ta cikin ƙarfe ba mai jin wani. Notin da tsatsa ta riƙe, a sa masa inji a yanke.

Haka Dell Pruitt ya yi. Kafin rana ta yi sanyi kujeru sun taru a ƙofar gidansa sai ka ce gwanjo za a yi, ya jingina kwali ya rubuta kyauta. Mutanen coci suka kwashi rabonsu, mai aski ya ɗauki biyu don masu jiran layi, 'yan gwangwan suka share saura. Akwai ɗaya ta gaba da ta fita daban. Ta fi sauran nauyi, ƙafafunta huɗu, ga bel a jikinta, irin wadda ake ɗaura kujerun mota na ƙananan yara a kai. Ita ce surukinsa, tsoho Orville Gentry, ya kinkima zuwa bayan akori-kurarsa.

"Ka tabbata ba ka son wannan, ɗan nan?" in ji tsohon.

"Mista Gentry, gida zan gina, ba makaranta ba," in ji Dell, yana goge hannu a wando. "Ɗauki abinka."

Dell ba mugun mutum ba ne. Matsalarsa ɗaya, in ya ga abu a ransa to ya riga ya gama gina shi, saura kawai duniya ta amince. Shekara tara ya yi yana jan tirela daga wannan kusurwar ƙasa zuwa waccan, shi kaɗai. 'Yarsa Opal ta fara tafiya yana jihar Nebraska. Ranar da aka haifi ɗansa Hollis dusar ƙanƙara ta tare shi a Wyoming, a waya ya ji kukan farko. Abin da ya ƙarasa karya masa zuciya wata dawowa ce da ya yi, ya durƙusa a bakin ƙofa ya buɗe hannuwa, Opal ta ɓuya bayan uwarta Lorna tana leƙensa kamar mai karanta mita. A makon nan ya miƙa makullin tirela. Burinsa ɗaya ne tak, kuma ya faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare, har da waɗanda ba su tsaya ba: ba zai sake tuƙa doguwar hanya shi kaɗai ba. In ya murɗa sitiyari, iyalinsa su murɗa tare da shi.

Shekara biyu ya ɗauka yana gini, kuma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, ya iya. Babban gado a can baya, gadajen yara ɗaya bisa ɗaya, banɗaki wanda in ka shiga da gaba sai ka fito da baya, murhun itace, firji, har da ƙusoshin rataye kofuna. Ruwan ɗorawar nan na makaranta ya shafe shi da kore. Amma abin alfaharinsa wata doguwar kujera ce da ya yi a jikin bango kusa da ƙofa, da katakon tsohuwar bishiyar da guguwa ta kayar a gonar Orville. Ya goge ta har kana ganin fuskarka, Lorna ta ɗinka mata matasai. Ya sayo bel biyu sababbi ful ya kafe su a katakon da ƙusoshi masu tsawon yatsa. Nan yara za su zauna, in ji shi, su yi ta kallon duniya ta tagar da ke gabansu.

Da kaka ta kama aka ɗauke su aikin kula da wani sansanin masu yawon shaƙatawa a bakin tafki a Arizona, na lokacin sanyi. Gida an sayar, sababbin masu shi har sun zo sun auna labule. Ƙaramar motarsu za a ɗaura ta a baya a ja. Komai ya kammala, sai Lorna ta ciro kujerun yaran daga ƙaramar motar ta hau babbar da su don ta gwada. Dell yana waje yana wanke tayoyi, abin da ba wanda zai duba.

"Dell, zo ka ga wani abu."

Duk mai aure ya san wannan muryar. Ya ajiye soso ya hau.

"Motar nan ina take dosa in tana tafiya?" in ji Lorna.

"Gaba mana."

"Ita kuma kujerar taka ina take kallo?"

"Gefe. Don su ga shanu."

"To ba a ɗaura kujerar yara a kan wadda ke kallon gefe. Ga shi an zana a jikinta, har da jan layi, don irinku da ba sa karatu. Sannan bel ɗin nan, a me ka kafe shi?"

"A katako. Lorna, katakon nan ya girmi babanki."

"Shi ma baban nawa in aka fizge shi da ƙarfi ɓallewa zai yi."

Dell ya gyara tsayuwa, ya shiga wa'azi. Motar nan, in ji shi, duk abin da ya buge ta shi zai yi nadama. Shi kuma shekara tara a kan hanya ko kaza bai taɓa takawa ba. Ban da haka, su da suka yi makaranta a tsaye suke cikin irin wannan motar, ba bel ba komai, suna jifan juna da takarda, kuma ga su nan da ransu.

"Kai da ka faɗi ka bugi kai, ai har yau ana gani," in ji Lorna. "Lokacin akwai kujeru a jere masu taushin baya, in an taka birki a kansu kuke faɗawa. Ka cire su duka ka raba wa gari. Yanzu me ke gaban yara? Ƙarfen ƙofa da murhu."

Dell ya dubi ƙarfen ƙofar, ya dubi murhun.

"Ba faɗa nake yi ba, malam kafinta," ta ce, ta sassauta murya. "Aikinka ya yi kyau, ni ma ina son kujerar nan. Amma 'ya'yana ba za su yi tafiya a kanta ba. Ka kwance ƙaramar mota. Kai ka ja gidanka, ni da yara mu bi ka a baya, duk inda ka tsaya mu tsaya. Mutane da yawa haka suke yi."

Maganar ta sauka masa a ƙirji. Ya bar aiki, ya sayar da gida, ya shekara biyu yana shaƙar garin katako, don a ƙarshe ya zauna shi kaɗai gaban babban gilashi yana kallon kwalta? An gudu ba a tsira ba ke nan.

"Ki ba ni dama in nuna miki," ya ce. "Gani ya kori ji."

Washegari da hantsi aka hallara a filin ajiye motoci na coci, wanda ba kowa cikinsa in ba Lahadi ba. Dell ya zaƙulo wata tsohuwar kujerar yara da ta daɗe a sito, ya sayo kabewa mai nauyin Opal a gefen hanya. Opal ta zana wa kabewar ido da baki, ta ce ai sanyi ake yi, ta sa mata tsohuwar jar rigarta ta sanyi. Orville ba wanda ya gayyace shi, amma sai ga shi da kujerar ninkewa da kofi a hannu.

"Na ji an ce za a yi jana'izar kabewa," in ji shi. "Na ce bari in samu sahun gaba."

Dell bai kula shi ba. Ya ɗaure kujerar a kan katakonsa, ya ɗaure kabewa a ciki tamau, ya ja bel ɗin ya nuna wa Lorna ta taga. Sannan ya ja motar zuwa ƙarshen fili, ya juyo, ya taka. Gudun bai wuce na mai keken da ya makara ba. Da ya zo daidai da su ya danne birki.

Ƙarar da ya fara ji ta katako ce, irin ta reshe in ya karye. Sai wani abu ja ya wuce ta gefen idonsa ya daki ƙarfen bakin ƙofa. Shi ke nan. 'Ya'yan kabewa a gilashi, a sitiyari, har cikin kunnensa.

A waje Opal tana tsalle tana ƙyalƙyala dariya, Hollis yana taya ta ba tare da ya san dalili ba.

"A sake, Baba! A sake!"

Dell bai yi dariya ba. Kujerar tana kife a kan matakala, bel ɗin yana reto da ƙusoshinsa da guntun katako a jiki, jar rigar kuwa hannunta ɗaya ya lanƙwashe ƙarƙashin abin da ya rage na kabewar. Ya san rigar nan. Shi ya sayo ta a wani shagon gefen hanya, ta yi wa Opal yawa sai da aka naɗe hannuwan. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a kan ƙanƙarar Wyoming.

Lorna ta hau ta duba. Ba ta ce na faɗa maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta zare rigar, ta ninke ta da jiƙaƙƙen gefen a ciki don kada Opal ta gani, ta sauka. Orville ya zubar da sauran kofinsa ya ninke kujera.

Abin haushin shi ne Dell ya sani. Mutumin da ya shekara tara yana ɗaure kaya da sarƙa a jikin ƙarfe ba sai an koya masa abin da birki ke yi wa kaya ba. Son katakonsa ne ya rufe masa ido, kuma so ba ya jin shawara.

Da yamma ya tafi gonar surukinsa. Kujerar makarantar nan mai ƙafa huɗu tana cikin rumfar kwano a bakin tafkin kifi, tsohon yana zaune a gefe ɗaya da ƙugiya, karensa Deacon ya miƙe a ɗaya gefen.

"Barka da yamma, Mista Gentry."

"Barka kadai. Kifi ka zo ci?"

"Kujera na zo roƙo."

"Wace kujera? Ni ta makaranta gare ni. Kai kuma na ji an ce gida ka gina."

"Na cancanci wannan," in ji Dell.

"Ka cancanci fiye da haka, tsufa ne ya rage mini ƙarfi." Orville ya jefa ƙugiya ya bar shi a tsaye na ɗan lokaci, don hakkin suruki ne. "Ni na yafe. Sai dai ka tambayi Deacon, shi ne mai ita yanzu."

Deacon sai da aka ba shi cin hancin kilishi kafin ya sauka, kuma ko da ya sauka bai daina hararar Dell ba. Bel ɗin yana nan lafiya lau cikin leda, domin tun ranar farko karen ya fara taunarsa tsohon ya naɗe shi. Suka kama kujerar su biyu suka ɗora a akori-kura, Orville yana nishi yana cewa ta ƙara nauyi saboda gashin kare.

Wuri ɗaya ne kawai kujerar za ta shiga ta kalli gaba, tsakanin ƙofa da bangon kicin, wato daidai inda abar alfaharin take. Bayan direba kujerar Lorna ce mai cin mutum ɗaya, ga murhu a bayanta, ba wurin ƙari. Dell ya ɗauko zarto ya yanke doguwar kujerar da hannunsa, bai bari kowa ya taya shi ba. Ya fitar da katakon ya jingina a bango ya juya masa baya.

Aka koma aikin da aka fara da shi shekara biyu da suka wuce, sai dai wannan karon ɗaurewa ake yi. Dell ya huda katakon daɓe da ƙarfen da ke ƙarƙashinsa har haske ya fito, ya kwanta ƙarƙashin mota da farantai na ƙarfe masu faɗin tafin hannu, Lorna a sama da sifana.

"Riƙe."

"Na riƙe."

"Ba wannan ba, ɗayan."

"To ka ce ɗayan mana."

"Na ce."

"Wa ka gaya wa, taya?"

A haka suka ɗaure ƙafa uku, kowace da farantinta da notinta. Sai Hollis ya farka daga barcin rana ya fara sanar da unguwa da kuka, Lorna ta ajiye sifana ta tafi. Dell ya matsa da baya zuwa inda ƙafa ta huɗu za ta fito, ta jikin bango daga baya, ya miƙa hannu don ya laluba kafin ya huda. Hannunsa ya ci karo da tankin mai. Tankin yana manne da ƙasan motar cikin kejinsa na ƙarfe, ko yatsa ba ya shiga tsakani, balle faranti da sifana. Huda ƙarfe a saman tankin mai kuwa sai mai neman sunansa a jarida.

Dole a sauke tanki, kuma ba aikin ƙofar gida ba ne. Gareji ɗaya ne a garin mai kayan aikin, mai shi kuma ya rataye kwali a ƙofa, ya tafi farautar barewa. Na garin gaba ma haka. A wannan makon na shekara ko haƙori ne ke damunka, a dawa za ka nemo likitan. Masu sansani sun riga sun faɗi ranar fara aiki, masu gida kuma motar kayansu tana hanya.

Dell ya koma ƙarƙashin mota ya kwanta ya daɗe yana kallon tankin, kamar in ya dage zai matsa. Sannan ya fito, ya hau, ya tona cikin gwangwanin ƙusoshi ya samo wata gajera mai kauri, mai kai irin na notunan. Ya murɗa ta cikin katakon daɓe har ta zauna daram. Daga sama ba mai bambanta ta da 'yan'uwanta. Ƙafa uku a ƙarfe suke, ya gaya wa kansa. Kujerar tatsar saniya ma ƙafa uku gare ta, kuma ba ta taɓa kayar da kowa ba. Zai bi a hankali. Da sun isa garin Tucson a Arizona, Emmett ƙanen Lorna mai walda ne a can, ya sauke tankin a gyara, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Lorna ta dawo da Hollis a kafaɗa, ta miƙa wa Dell shi, ta kama kujerar da hannu biyu ta jijjiga har motar ta yi rawa, kofuna suka yi ƙara. Kujera ko gezau. Orville ya zauna a kai ya yi sukuwa, ya ce ta fi gadonsa ƙarfi. Sannan Lorna ta ɗora kujerun yaran, ta danne kowace da gwiwa ta ja bel, ta Opal tana kallon gaba, ta Hollis tana kallon baya kamar yadda ake yi wa ƙanana. Da ta gama ta juyo ta rungume mijinta, da baƙin mai da komai.

"Na san za ka iya," ta ce. "Ka yi haƙuri da kujerarka."

"Ba komai," in ji Dell. Ranar ko rabin abincinsa bai ci ba, ya ce gajiya ce.

Safiyar tafiya unguwa ta fito kaf. Wannan ta kawo burodin masara, waccan ta kawo kwalbar zuma, mai aski ya zo da shawarar hanya duk da bai taɓa wuce Oklahoma ba. Orville ya kawo soyayyen kifi a takarda, yana ta zagaya motar yana shurin tayoyi yana faɗa a kan iska, don kada a ga idonsa. Aka ɗaure ƙaramar mota a baya. Lorna ta sa yaran a kujerunsu, ta zauna a tata da kofin kofi, ta tuɓe takalma. Dell ya ja marufin ƙofa ya tada inji.

A saman kan direba akwai dogon madubin nan da ake sa wa motocin makaranta don a ga mai jan gashin wani. Shi ne kusan abu ɗaya da Dell bai cire ba. Ya ɗaga ido, sai ga su duka a ciki. Lorna tana hura kofi. Hollis ba a ganin komai nasa sai hannu ɗaya da ya ɗaga da safa a ciki, ya riga ya tuɓe ta. Opal ta gano ubanta yana kallonta, ta zaro masa harshe. Ga abin da ya yi shekaru yana nema, a madubi ɗaya, kuma daɗin da ya ji ba shi misaltuwa. Opal kuwa a gefen bango take zaune, daidai kan ƙafa ta huɗu.

Ya kashe inji.

"Me ka manta?" in ji Lorna.

"Ƙafa ta huɗu a katako take."

Ta ajiye kofin. Ya faɗa mata komai, tankin, garejin, gajerar ƙusa, bai ɗago kai ba. Ta yi magana ƙasa-ƙasa don yaran.

"Ka tsaya kana kallona ina jijjiga ta."

"Na tsaya."

"Ka bar ni na rungume ka."

"Na bari."

Lorna ta dubi maƙwabta suna ta ɗaga hannu a waje, ta dubi yaran da aka sha fama kafin a ɗaure, ta dubi ƙeyar mijinta. Ranta a ɓace yake, amma ta san abin da tafiyar nan take a wurinsa fiye da kowa. Ita ma kuma, a faɗi gaskiya, kwanaki a ƙaramar mota da yara biyu ba abin marmari ba ne.

"Ƙafa uku dai a ƙarfe suke," ta ce a hankali. "Na gani da idona, ni na riƙe sifana. In ka bi sannu, zuwa Tucson kawai, Emmett ya gyara."

Abin da ya gaya wa kansa ke nan, ba ragi ba ƙari. A bakinta sai ya ji muninsa. Ga shi an miƙo masa abin da yake so, da izinin mai izini, ba sai ya ɓoye komai ba, abin da ya rage ya murɗa makulli.

"A filin coci ma sannu nake bi," in ji Dell. Ya buɗe ƙofa ya sauka.

Maƙwabta suka sauke hannuwa. Orville ya bi shi zuwa bayan mota.

"Har kun dawo? Yaya Arizona?"

Dell ya durƙusa ya fara kwance sarƙa. Tsohon ya dubi fuskarsa, bai ƙara tambaya ba, ya durƙusa da ƙyar ya kama ɗaya gefen. Aka ciro kujerun yaran aka mayar ƙaramar mota. Hollis ko a jikinsa, an ba shi burodin masara. Opal ce ta gane abin da ke faruwa, ta ƙanƙame ƙarfen ƙofa sai da uban ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya ya ɗauke ta.

"Baba, ka ce tare za mu tafi."

"Tare za mu tafi. Ni a gaba, ku a baya."

"Ba haka ka ce ba."

"Ba haka na ce ba," ya amsa.

Ya zaunar da ita, ya sa hannuwanta cikin bel, ya ɗaure, ya ja, ya gwada tsunkular bel ɗin a kafaɗarta bai tsunkulu ba.

"Ya matse ni."

"Na sani, 'yar baba."

Ta juya masa ƙeya ta kalli taga, hawaye na bin kumatunta. Ya tsaya ko za ta juyo, ba ta juyo ba. Ya rufe ƙofar a hankali.

Lorna ta riga ta sa takalma ta zauna a kujerar direban ƙaramar motar. Ta sauke gilashi.

"Har yanzu ina fushi da kai."

"Na sani."

"In ka ga na kunna fitila ka tsaya, wani ne ke jin fitsari. Kuma za ka gan ta sau da yawa." Ta raba kifin gida biyu ta miƙo masa rabi a takarda, ta riƙe hannunsa kaɗan kafin ta saki. "Jeka, malam kafinta. Muna bayanka."

Ya hau babbar motar, ya ja marufin ƙofa. Motar ta yi masa girma. Kofin Lorna yana nan inda ta ajiye, yana ta hayaƙi, kujerar gaba ba kowa sai safa ɗaya. Kaɗaicin nan da ya sani ya dawo masa sabo, kuma ya yi zafi kamar da, ba abin da ya ragu. Ya miƙa hannu ya karkatar da dogon madubin sama ya kalli rufi. Sannan ya buɗe taga ya gyara na gefe, ya yi ta gyarawa har ƙaramar motar ta shigo ciki gaba ɗayanta.

Ya saki birki ya ja a hankali, kuma bai ƙara wuta ba sai da ya ga Lorna ta hau kwalta a bayansa.